Tarihin Hamboga: Daga Abincin Leburori Zuwa Teburin Attajirai

Gabatarwa

Hamboga, wadda wasu kan taƙaita su ce boga, niƙaƙƙen naman shanu ne da ake curawa, a baje shi kamar ɗan faifai, a gasa, sa'an nan a sa shi tsakanin ɓari biyu na burodi tare da albasa da tumatir da sauran kayan haɗi. In an ɗora mata cuku ya narke a kan naman, sai ta zama hamboga mai cuku. Mai yiwuwa ne a yi mamakin yadda za a keɓe lacca sukutum domin ɗan burodi da nama, amma tarihin wannan abinci ya ƙunshi ƙaurar jama'a, da hanyar jirgin ƙasa, da dokar gwamnati, da dabarun ciniki. Sabili da haka akwai abin da ɗalibin tarihi zai koya a ciki game da auna hujja, akwai kuma abin da ma'aikacin gwamnati zai koya game da kare lafiyar jama'a.

Tambayoyi uku ne wannan lacca za ta bi. Daga ina sunan ya fito, wa kuma ya fara haɗa naman da burodi? Yaya aka yi abincin da mutanen kirki suke ƙyama a 1906 ya zama abin da iyaye ke saya wa 'ya'yansu? Me ya kai abincin senti 5 teburin da ake biyan dala 27?

Asalin Sunan

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne wani kuskure da ya yaɗu a tsakanin waɗanda suka yi karatun Turanci. Da yake kalmar ham a Ingilishi tana nufin cinyar alade da aka sa wa gishiri, da yawa sun ɗauka da naman alade ake yin hamboga. Ba haka ba ne. Sunan ya fito daga Hamburg, babban birnin tashar jiragen ruwa da ke bakin kogin Elbe a arewacin Jamus. A Jamusanci, in an ƙara -er a ƙarshen sunan gari, ana nufin mutumin garin ko abin da ya fito daga can, kamar yadda Bahaushe zai ce Bakano ko ɗan Kano. Hamburger ke nan ɗan Hamburg. Daga baya ne Amurkawa suka datse kalmar a inda ba gaɓarta ba, suka ɗauki burger ita kaɗai a matsayin suna, suka riƙa liƙa mata sunan duk abin da suka ɗora a kai.

Amma fa suna ba ya tabbatar da wurin haihuwa. Fataken Hausa sun daɗe suna danganta goro da Gwanja, alhali kuwa a dazuzzukan Asante goron yake tsirowa. Gwanja, musamman kasuwar Salaga, mahaɗa ce inda ake sayensa. Haka matsayin Hamburg yake a wannan labari. Mutanen arewacin Jamus suna da nasu curin dakakken nama da suke soyawa, birnin kuma ya yi suna a kan naman shanu mai kyau, amma hamboga cikin burodi, yadda aka san ta yau, a Amurka aka haife ta.

Akwai kuma wani labari da ake yawan maimaitawa, wai mahayan Mangol ne suke sa nama a ƙarƙashin sirdi ya yi laushi, daga gare su al'adar ta shiga Rasha, daga nan ta isa Hamburg. Labari ne mai daɗin ji, sai dai babu wata rubutacciyar shaida da ta haɗa waɗannan matakai. Daka nama a cura shi tsohuwar dabara ce da al'ummomi da dama suka sani; har a littafin girkin Rumawa da ake dangantawa da Apicius akwai irinta.

Abubuwan da Suka Share Hanya

Abubuwa uku ne suka haɗu a Amurka a kashi na biyu na ƙarni na 19. Na farko shi ne ƙaura. A 1847 aka kafa kamfanin jiragen ruwa na HAPAG a Hamburg domin zirga-zirga zuwa Amurka, kuma tsakanin 1850 da 1934 mutane kimanin miliyan 5 suka bar Turai ta wannan tasha. Jamusawan da suka sauka a Niyok da sauran birane sun buɗe gidajen abinci da rumfunan fawa, har sunan naman Hamburg ya zama sananne: dakakken nama da albasa, a faranti, ana ci da wuƙa da cokali mai yatsu, ba burodi a jikinsa. A 1884 Mary Lincoln, malama a makarantar koyon girki ta Boston, ta sa shi a cikin littafinta na girke-girke, abin da ya nuna ya riga ya shiga gidajen Amurkawa.

Na biyu shi ne arahar naman shanu. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, makiyaya suka riƙa koro garkuna daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, daga can a yi lodinsu zuwa Shikago, inda aka buɗe babbar kara ta Union Stock Yards a wannan shekara ta 1865. Wajen 1880 Gustavus Swift ya fara amfani da taragon jirgi mai ƙanƙara, watau maimakon a kai saniya da ranta gabashin ƙasar, sai a yanka ta a Shikago a aika da naman. Yankan dubban shanu a wuri guda yana barin guntattakin nama masu yawa waɗanda ba za su sayu a matsayin tsoka ba, dole a nema musu mafita.

Na uku shi ne injin niƙan nama na hannu, wanda ya yi araha ya yaɗu a ƙarshen ƙarnin. Da shi mahauci ke mayar da nama mai tauri da guntattaki su zama abu guda mai laushi cikin ɗan lokaci. A gefe guda kuma ga leburorin masana'antu masu ɗan taƙaitaccen hutun rana, suna neman abinci mai zafi, mai araha, wanda za a ci a tsaye. Sa nama tsakanin burodi kuwa tsohuwar al'adar Ingila ce, tun 1762 an rubuta sunan sanwici. Ba abin da ya rage sai wani ya haɗa biyun.

Masu Da'awar Ƙirƙira

Garuruwa aƙalla biyar suna da'awar a wurinsu aka fara. Mutanen Seymour a jihar Wisconsin sun ce wani yaro ɗan shekara 15, Charlie Nagreen, yana sayar da curin nama a bikin baje koli a 1885, ya ga mutane ba sa son tsayawa su ci, sai ya baje curin ya sa a burodi domin su ci suna tafiya. Zuriyar 'yan'uwa biyu, Frank da Charles Menches, sun ce a wannan shekara ce naman alade ya ƙare wa kakanninsu a wani baje koli a garin Hamburg na jihar Niyok, suka musanya da na shanu. A Oklahoma an ce Oscar Bilby ne a 1891. A New Haven ta jihar Connecticut an ce Louis Lassen, baƙo daga Denmark, shi ya yi wa wani mai sauri a 1900. A Athens ta Teksas kuwa an ce Fletcher Davis ne, wanda wai ya kai ta babban baje kolin duniya na St. Louis a 1904.

Hukumomi ma sun shiga gardamar. A 1995 gwamnan Oklahoma ya shelanta cewa Tulsa ce mahaifar hamboga, a 2007 kuma majalisar dokokin Wisconsin ta zartar da ƙuduri cewa Seymour ce. To, amma ƙudurin majalisa ba ya zama hujjar tarihi. In aka duba waɗannan labarai za a ga siffarsu ɗaya: duk an rubuta su ne shekaru da yawa bayan abin ya faru, daga bakin mai da'awar ko 'ya'yansa da jikokinsa, kuma kowane gari yana da ribar da yake samu daga baƙi masu zuwa kallo. A ɗaya ɓangaren, jaridun Amurka na shekarun 1890, daga Teksas har Shikago, sun riga sun ambaci sanwicin naman Hamburg a matsayin abin da masu amalanken abinci ke sayarwa, ba tare da sun ɗauke shi sabon abu ba. Wannan kaɗai ya raunana da'awar 1900 da ta 1904. Abin da hankali zai fi karɓa shi ne mutane da dama, a wurare dabam-dabam, sun faɗa kan dabara guda domin buƙatarsu guda ce.

Matsalar Amana

Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Aibin niƙaƙƙen nama shi ne mai saye ba ya ganin abin da aka niƙa. Tsoka tana nuna kanta, amma abin da ya fita daga inji yana iya ɓoye nama mai wari da jijiya da duk abin da mahauci ya ga dama. A 1906 marubuci Upton Sinclair ya fitar da littafinsa The Jungle, bayan ya yi mako bakwai a cikin ma'aikatan mayankan Shikago. Nufinsa ya nuna wahalar leburori, amma abin da ya tayar da hankalin masu karatu shi ne ƙazantar da ya bayyana a wurin sarrafa nama. Cikin shekarar nan Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a kan dokar duba nama da dokar tsabtar abinci da magunguna, aka ɗora wa jami'an gwamnatin tarayya nauyin duba dabba kafin yanka da bayan yanka. Duk da haka hamboga ta ci gaba da zama abincin bakin masana'anta da filin wasa. Shigar Amurka yaƙi da Jamus a 1917 ta ƙara mata baƙin jini, har wasu suka riƙa sauya mata suna don gudun ambaton Jamus.

Mutane biyu ne suka juya al'amarin a garin Wichita na jihar Kansas. Walter Anderson mai dafa abinci ne da ya fara sayar da hamboga a 1916, yana baje naman ya yi siriri a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi tare da albasa, yana kuma amfani da ɗan curin burodi maimakon yankakke. Billy Ingram kuwa dillalin inshora da gidaje ne. A 1921 suka kafa White Castle, ma'ana farar fada, suna sayar da kowace hamboga senti 5. Kusan duk abin da suka tsara amsa ce ga zargin ƙazanta. Ginin fari ne fat, ma'aikata suna sanye da fararen tufafi da hula, ana gasa naman a gaban mai saye, domin gani ya kori ji. A 1930 Ingram ya ɗauki nauyin wani gwaji a Jami'ar Minnesota, inda wani ɗalibin likita ya yi mako 13 ba ya cin komai sai hambogar kamfanin da ruwa, aka kuma yi ta talla da cewa ya fito lafiya. Gwajin mutum ɗaya ba kimiyya ba ce, amma ya nuna irin tsoron da kamfanin yake yaƙa. Abin da White Castle ta sayar a haƙiƙa shi ne tabbacin cewa abin da aka ci jiya a wannan reshe shi za a ci gobe a wancan.

Zuwan Cuku da Kayan Haɗi

Ita ma hamboga mai cuku tana da nata masu da'awa. Wanda aka fi ambata shi ne Lionel Sternberger, saurayin da ke aiki a rumfar mahaifinsa a Pasadena ta jihar Kalifoniya a tsakiyar shekarun 1920. Akwai takardar jerin abinci ta wani gidan abinci a Los Angeles, ta 1928, wadda ta nuna hamboga mai cuku a kan senti 25. A 1935 kuma Louis Ballast na birnin Denver ya nemi rajistar sunan a matsayin nasa. Sai dai abin da ya sa cuku ya zauna a kan hamboga ya girmi waɗannan duka. Cukun gargajiya in ya ji wuta maiƙonsa yakan rabu ya tsiyaye. A 1911 Walter Gerber da Fritz Stettler a Suwizalan suka gano cewa in an narka cuku da wani irin gishiri na sinadari, maiƙon da sauran jikin cukun sukan zauna a haɗe. A 1916 James Kraft ya sami takardar mallakar tasa fasahar ta sarrafa cuku a Amurka, a 1950 kuma kamfaninsa ya fara sayar da shi a yanke falle-falle. Cuku ne mai jure ajiya, mai narkewa sumul, daidai faɗin naman.

Sauran kayan haɗin kowanne da aikinsa. Nama da cuku maiƙo ne, maiƙo kuwa yana gundura in ba tsami. Shi ya sa ake sa kokwamba da aka jiƙa a ruwan tsami, da mustad, waɗanda duk Jamusawa suka saba ci da nama, da kuma kecaf, watau miyar tumatir mai zaƙi da tsami wadda kamfanin Heinz ya fara sayarwa a kwalba a 1876. Latas da ɗanyen tumatir suna kawo sanyi da garɗi. Albasa kuwa wani lokaci talauci ne ya yawaita ta: a garin El Reno na Oklahoma masu rumfuna sun riƙa danna tulin albasa cikin ɗan nama kaɗan domin ya yi auki, yau ga shi abin ya zama abin alfaharin garin. A jihar New Mexico koren barkono gasasshe ake ɗorawa, a Ostareliya kuma jan gwoza na Turawa da soyayyen ƙwai. Gidan Louis Lassen, wanda har yanzu yake ciniki a New Haven, bai yarda da kecaf ba sam; cuku da tumatir da albasa kaɗai yake sawa. A nan ne Musulmi ya kamata ya lura, domin ko da yake sunan ba ya nufin alade, soyayyen naman alade yana cikin abubuwan da Turawa suka fi son ɗorawa a kai.

Tsarin Masana'anta

A 1948 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka rufe gidan abincinsu na San Bernardino a Kalifoniya na 'yan watanni, suka sake masa tsari. Suka sallami masu kai abinci wurin motoci, suka rage jerin abincin zuwa abu 9, suka maye faranti da takarda. Kowane ma'aikaci aiki guda aka ba shi: wannan gashi, wannan haɗi, wannan naɗi. Kayan haɗin ma an ƙayyade su, kecaf da mustad da albasa da yankan kokwamba biyu. Hamboga senti 15, mai cuku senti 19. A 1954 Ray Kroc, mai tallan injin kaɗa madara, ya zo ganin gidan da ya sayi injinansa da yawa haka, ya karɓi izinin yaɗa tsarin, ya buɗe reshensa na farko a Des Plaines ta jihar Illinois a 1955, a 1961 kuma ya saye kamfanin a kan dala miliyan 2.7. Yawaitar motoci da dokar gina manyan hanyoyi ta 1956 suka yi masa sauran aikin.

Daga nan ta tsallaka teku. McDonald's ta isa Japan a 1971. Ranar 31 ga Janairu 1990 ta buɗe a Mosko, inda mutane kimanin 30,000 suka ci abinci a ranar farko, ta kuma fice daga Rasha a 2022 bayan mamayar Yukren. A nahiyar Afirka ta fara da Kasablanka ta Maroko a 1992. A Indiya, inda ta shiga a 1996, dole ta ajiye naman shanu gaba ɗaya saboda addinin Hindu. Daidaiton abin ya kai har mujallar The Economist ta fara amfani da farashin Big Mac a 1986 wajen kwatanta darajar kuɗin ƙasashe. A wannan shekara ce kuma Carlo Petrini da abokansa suka yi zanga-zangar ƙin buɗe reshe a tsakiyar birnin Rum, abin da ya haifar da ƙungiyar kare abincin gargajiya ta Slow Food.

Amma tsohuwar matsalar ba ta mutu ba. A 1993 mutane fiye da 700 suka kamu da cuta a yammacin Amurka, yara 4 suka rasu, bayan cin hambogar kamfanin Jack in the Box wadda ba ta gasu sosai ba. Ƙwayar cutar E. coli O157:H7 ce, wadda ke zaune a hanjin shanu. Dalilin haɗarin a fili yake. A jikin tsoka ƙwayar cuta a waje take, wuta tana kashe ta nan take. Inji kuwa yana cusa ta har tsakiyar naman, kuma curi ɗaya yana iya ƙunsar naman shanu da yawa. A 1994 ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta haramta sayar da niƙaƙƙen naman da aka sami wannan ƙwaya a cikinsa, shawarar hukuma kuma ita ce a gasa shi har tsakiyarsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salsiyos.

Teburin Attajirai

Da masana'anta ta mayar da hamboga abu guda a ko'ina, sai masu hali suka fara neman wadda ta bambanta. A 2001 Daniel Boulud, shahararren kuku Bafaranshe a Niyok, ya fito da hambogar da aka cusa wa dafaffen naman haƙarƙari da hantar agwagwa da wata irin lemar kwaɗi mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, ya sa mata dala 27. Manyan gidajen abinci suka bi sahu. A 2004 Shake Shack ta kafa rumfa a wani lambun shaƙatawa na Niyok, ta tsaya tsakanin araha da tsada. Hambogar alfarma tana da alamominta: a zaɓi naman kafaɗa da ƙirji da haƙarƙari a niƙa a ranar, kashi 20 cikin 100 ya zama kitse, a sa cukun da ya daɗe a ajiye irin su Cheddar na Ingila ko Gruyère na Suwizalan, a soya albasa a hankali har ta yi zaƙi, burodin kuma ya zama mai man shanu da ƙwai. In aka lura, abin da mai saye yake biya da tsada shi ne sanin inda naman ya fito da wanda ya niƙa shi, watau tambayar nan ta 1906.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa biyu. Ga ɗalibin tarihi, neman mutum ɗaya da za a ce shi ya ƙirƙiro hamboga ɓata lokaci ne. Labarin zuriya da ƙudurin majalisa suna da nasu amfani wajen nuna abin da mutane ke son a yarda da shi, amma shaidar da aka rubuta a lokacin da abu ya faru ita ce ke yanke hukunci, kuma ta nuna cewa jirgin ruwa da jirgin ƙasa da injin niƙa da hutun lebura su ne iyayen wannan abinci.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, sau biyu, a 1906 da 1994, sai da abin kunya ko rashin rayuka ya auku kafin hukuma ta ƙarfafa doka. Duk garin da jama'arsa suka yawaita har suka koma cin abincin da ba su ga yankansa ko girkinsa ba, lafiyarsu tana hannun mai duba nama a mayanka da duba-gari a kasuwa. In waɗannan suka yi sakaci, farin gini da farar hula ba za su hana cuta ba.